Ranar da Malam An Ya Ce Na

Allah ya yi wa Gusau baiwa da ya ba ta Alhaji Mannir, mai magana da yawun masu tsaron hanya. Shi ba soja ba, shi ba ɗan sanda ba, amma in ya ɗora baƙin tabarau ya baza babbar riga, sai ka rantse shi ya haifi bindiga. Matan unguwar Damba Malam An suke ce masa, don a bakinsa ba wanda ya taɓa yin komai. An kama, an duba, an ɗauki mataki. Wannan An ba shi da uwa ba shi da unguwa, amma shi ke aikin hukuma duka.

Ranar kasuwar Mada aka ji tau a shingen hanyar Tsafe. Harsashi ya ɗauke ƙwaryar nono daga kan wata Bafillatana mai suna Kulu, ya bar ta da jiƙaƙƙen kallabi. Masu baƙaƙen kaya suka nuna masu koraye, masu koraye suka nuna masu baƙaƙe. Da yatsu suka gaji, aka kama mijinta Buba, da yake tsaye da sandar kiwo.

Da hantsi Alhaji ya shiga rediyo. "An samu ɓata-gari an yi harbi, an kuma cafke jagoransu da makami."

Da azahar ya sake gyara murya. "Bayan an zurfafa bincike, an gano tayar tirela ce ta fashe." Taya mai saiti, ta tsallake kasuwa guda ta zaɓi ƙwarya.

Da la'asar ya haɗa biyun. "An yi harbi, kuma ba a yi ba. Ya danganta da inda mutum yake tsaye." Buba dai inda yake tsaye bai canza ba, yana bayan kanta.

Kulu ta yi sallama a ofis har muryarta ta dishe. Amsa ɗaya ce, ana duba lamarin. Ita kuwa ta ga wani mai babbar riga a shingen ran nan, ana ɗaukarsa hoto. To wa zai ji ta bakin mai tallan nono?

Sai ga suna a gidan wani attajiri a Bungudu. Manyan masu baƙaƙe da na masu koraye duk suna kan tabarma, Alhaji a tsakiya kamar shi aka haifa. Kulu ta sauke sabuwar ƙwaryarta kusa da maroƙi, ta ɗaga murya.

"Ni wanda ya harbe ni nake nema in yi mai guɗa. Ya ɗauke ƙwarya bai taɓa mini gashi ɗaya ba. Duk Zamfara akwai maharbi irin wanga? An ce wani ƙaramin jami'i ne, Anas."

Maroƙi ya samu abin yi. Anas mai ido a yatsa, Anas dodon ƙwarya. Kawuna suka juya ana neman Anas, ba mai kallon tabarau. Alhaji ya gyara hula, ya yi tari, ya kumbura kamar alkubus. Yabo na wucewa ta gabansa zuwa gidan wani, abin da bai taɓa gani ba.

"Wane Anas?" ya miƙe. "Anas da ya ara mini bindigar in yi hoto? Ni na harba. Da hannu ɗaya ma, ko dubawa ban yi ba."

Maroƙi ya haɗiye sauran kirarin. Manyan ɓangarorin nan biyu suka dubi juna, karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya. Kulu kuwa ta cika alkawari, ta rangaɗa guɗa har bayan gari. Baki shi ke yanka wuya.

Kafin magariba Buba ya fito, har da sandarsa.

Washegari wata sabuwar murya ta ce a rediyo, "An dakatar da Alhaji Mannir." Tun ranar yake bin ofis-ofis da tabarau a aljihu, yana tambayar wa ya dakatar da shi. Kowa ya tambaya sai ya ce masa, "Alhaji, ai ka san shi. An ne."