Ranar da Na Hukunta Wayar Hajiya

Tsawon shekarun da na yi ina shugabantar makaranta, ban taɓa neman a fassara mini Turanci ba. Saboda haka, da kamfanin manhajar da ɗana Sanusi ke tafiyar da shagon takinsa a Kankia ya sauya ƙa'ida, cewa kuɗin wata-wata na'ura uku kawai zai ɗauka, na ce ya bar mini.

Na gyara tabarau, na duba jerin na'urorin, na ga waya ta huɗu wadda ban sani ba. Na yanke cewa ta ɓarawo ce. Manhajar ta tambaya: a cire ta, ko a goge duk abin da ke cikinta? Na zaɓi hukunci mafi tsanani.

Ashe tsohuwar wayar shagon ce, wadda Sanusi ya ba mahaifiyarsa, matata Hajiya. A cikinta muryar marigayiya surukata take, tana yi wa jikoki addu'a.

"Malam, ina Inna?" in ji Hajiya, tana jujjuya wayar.

Ita ta yafe daga baya. Ƙannenta na Kusada kuwa, ko ta'aziyya na je, sai su cusa wayoyinsu a aljihu: "Ranka ya daɗe, mu gaisa daga nan. Akwai hotunan yara a ciki."