Rasuwar Tafiretar da Ta Rasa Harafin A

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da harshen da ɗaci bai sake shi ba har yanzu, ni tsohon akawun kotu, wanda masu karanta jarida suka fi sani da Mai Jan Biro, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tafiretata. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kan teburinta na bakin taga, tana tsakiyar aiki, da takarda a bakinta.

Marigayiyar ta yi ƙuruciyarta a ofishin rajista na kotu, inda ta buga sammaci da hukunci har haruffanta suka yi sulɓi. Da kwamfuta ta shigo, aka tura ta bayan kabad tare da karyayyun kujeru. Ranar da na yi ritaya na roƙa aka ba ni ita, na rungumo ta a motar haya kamar jaririya.

Ga wanda bai san sana'armu ba, kowace Asabar jaridar kan fito da wasan cike-gurbi a shafin baya, akwatuna farare da baƙaƙe, tambayoyi a tsaye da a kwance. Mai haɗa wasan bai taɓa sa sunansa ba, Mai Tarko kawai yake rubutawa a ƙasa. Ni kuma nawa shi ne in warware, in zauna gaban marigayiya in buga sharhi, ya fito ranar Laraba: wace tambaya ce ta yi armashi, wacce ta zalunci mai karatu, a ina mutumin ya yi ha'inci. Mun haura shekara ashirin a haka, ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Mugu ne, kuma da girmamawa nake faɗa. Shi ne ya taɓa tambaya, "Yana tsalle a bakin rafi, yana gadi a bakin ƙofa, harafi biyar." Na wuni Asabar a kai, na wuni Lahadi, shayi ya huce, fensir ya ƙare a bakin reza. Ina dafe da kai maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, in ka gama faɗa da takarda, ina ka ajiye makullin kwaɗon ƙofar baya?" Kwaɗo! Na ba da labarin nan a sharhi, na ce wannan tambaya fashi ce da rana tsaka. Asabar ta gaba sai ga ramuwa a kwance: "Ya tsufa da biro a kunne, matarsa ce ke ba shi amsa, harafi biyar." Na cike akawu da hannuna, ina dariya ina tsine masa. Haka zumuncinmu yake, kuma ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa masa ba, domin shi ma bai taɓa raga min ba.

A duk wannan yaƙi marigayiya ce takobina. Ba ta taɓa neman wuta ba, ba ta taɓa gyara min kalmar da ban ce ta gyara ba. Maƙwabta za su shaida muryarta: ƙwas-ƙwas-ƙwas in hujja ta zo min, shiru mai tsawo in Mai Tarko ya kama ni, sannan ƙilin! a ƙarshen kowane layi, kamar mai cewa faɗi ka ƙara. Aibinta ɗaya, baƙuwa ce a harshenmu, ba ta da haruffa masu ƙugiya. Sai na bi ta da jan biro ina lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya, kada baƙi ya koma baki. Daga nan laƙabina ya samo asali.

Ciwon ajalinta ba a jikinta ya fara ba. Mai jaridar ya tsufa ya miƙa wa ɗansa, ɗan ya kawo sabon edita. Sai wasan ya canza. "Dabba mai haushi, harafi huɗu." Kafin shayi ya sha iska na gama shafin. Sunan Mai Tarko ya ɓace daga ƙasa. Na ɗauka fushi ya yi, ko an rage masa kuɗin aiki. Na riƙa dukan marigayiya da ƙarfin da ya fi shekarunta, ina aika sharhi, Laraba tana zuwa tana wucewa babu ko layi ɗaya.

Da abin ya ishe ni, na sa takardar a ambulan na tafi da ƙafata. Ofishin ya zama babban ɗaki guda, matasa a jere, kowa da waya toshe a kunne. Editan sa'an ɗana ne. Bai tashi ba, bai kuma nuna min kujera ba.

Ya ce, "Baba, ai mun daina karɓar takarda, ta waya ake turowa. Kuma gaskiya sharhin nan, mutane ba su da lokacinsa yanzu."

Na ce, "Ina Mai Tarko?"

"Wa? Au, tsohon nan mai akwatuna. Ai ya rasu tun watannin baya, 'yarsa ce ta kira ta faɗa. Yanzu kwamfuta ke haɗa mana, kafin ka ƙifta ido ta gama."

Na dafa teburinsa. Na ce, "Ban ga kun buga rasuwarsa ba."

"Mun so, Baba. Talla ce ta cinye shafin a makon."

"To ya sunansa?"

Ya juya ya tambayi na kusa da shi, na kusa ya cire abin kunne ya tambayi na gaba. Haka tambayar ta zagaya ɗakin ta dawo hannu rabbana. Editan ya ce in bar lambata za a bincika. Na bari. Har yau ana bincike.

Na dawo gida na kasa cin abinci. Maiɗakina ta zauna a bakin gado ta dube ni ta ce, "Tunda sun ƙi, kai ka rubuta masa mana. Wa ya san shi kamarka?" Washegari na share marigayiya, na ɗiga mata man keken ɗinki, na ɗaura sabuwar takarda. Na buga Allah ya ji ƙan Mai T, na danna harafi na gaba, sai na ji ƙas! Hannun harafin a ya karye daga tushe, ya yi tsalle ya faɗa bayan teburi. Wanda duk ya taɓa rubutu da harshen nan ya san ko sallama ba za ka iya ba sai da a.

Na kai ta wurin tsohon mai gyaran agogo, wanda shi kaɗai ya rage da ke buɗe irinta. Ya maƙala gilashi a ido ya daɗe yana leƙe. Na ce ko zai cire hannun wani harafin ya dasa.

Ya ce, "Malam, ko na dasa, ba zai riƙe ba. Duba nan, mazaunin ma ya tsage. Masu ƙera kayanta sun riga ta tafiya. Sai haƙuri."

Marigayiya ta bar ni, da teburi mai tabon ƙafafunta huɗu, da rigarta ta leda, da ragowar takardar kabon. Ta kuma bar haruffa uku, q da v da x, sababbi fil, lafiyarsu ƙalau, domin tunda suka zo gidan nan ba su taɓa tsinana komai ba. Irinsu ne ke daɗewa.

Za a yi mata sutura ranar Asabar da safe. Ɗana ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa, na kore su daga ƙofa. Za a wanke ta da tsohon burushi, a naɗe ta a farin mayafin tebur, a kwantar da ita a ƙasan kabad, takardar nan tana bakinta yadda ta bar ta. Duk wanda Mai Tarko ya taɓa hana shi cin abincin rana, ana gayyatarsa. Kada kowa ya shigo min da jaridar makon nan.

Da hannu na rubuta wannan sanarwa, a yi haƙuri da karkacewarta, kuma a teburin mai sayar da jarida za a liƙa ta. In Allah ya sa wani ya san 'yar Mai Tarko, ya gaya mata akwai gidan da ke zaman makokin mahaifinta, an ajiye mata kujera. Ta zo ta gaya min sunansa, ni kuma in gaya mata ko wane ne shi.