Mai Tsegumi ta Ɗakin Jarirai Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba ta da niyyar haɗiyewa, Babbar Nas ta ɗakin jarirai tana sanar da rasuwar na'urarta, wadda aka fi sani da Mai Tsegumi, ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya tana aiki ba hutu, ba ƙarin girma.

Marigayiyar ce ke auna ƙarfin da ƙirjin jariri ke ja a kowane numfashi, ta wani siririn bututu da ake zura masa ta hanci. Jariri ba ya cewa ya gaji, ita ke kai ƙararsa. "Tit, tit, tit" in lafiya lau. "Tiiiit" in ƙirji ya fara sarewa, tun leɓe bai canza launi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ba ta taɓa rufa wa kowa asiri ba.

Kada wani ya ce tsufa ne. Ƙarya ce! Wayarta ta sha tsinkewa, a naɗe da filasta, ta miƙe. A watan jiya ne Daraktan asibiti ya aiko aka cire sitabilaizar da ke kare ta daga haukan wuta, aka kai ofishinsa, wai firij ɗinsa na gurnani. Mai Gyara ya yi magana, aka ce ya cika surutu. Babbar Nas ta kai takarda har sau uku, kullum sai a ce ana dubawa. Ranar Talata aka dawo da wuta da ƙarfi. Marigayiyar ta ce "tif", ta fitar da hayaƙi, shi ke nan. Ruwan Darakta kuwa yana nan da sanyinsa, kar hankalin kowa ya tashi.

Ta bar nas-nas shida, da kwalin bututu marayu, da bakwainin da ke kwalba ta huɗu, ɗan kwana tara, wanda ƙirjinsa bai cika tafin hannu ba. Tun Talata uwarsa ke tsaye tana ƙirga numfashinsa da ido. Ko abinci ta ƙi ci, don kar ta kau da kai.

Za a ɗauki gawa gobe da ƙarfe goma a keken marasa lafiya, a hau da ita bene, a kwantar da ita a kan firij ɗin. Ba a bukatar jawabi.

Zaman gaisuwa a gaban kwalba ta huɗu. Mai zuwa ya wanke hannu, ya zo da agogo, ya karɓi uwar nan ƙirge na awa ɗaya don ta samu ta ci abinci. Awar farko ta Darakta ce.