Wandon da Yayinsa Bai Zagayo Ba

Ɗana ne ya jawo min, da ya ce Turawa na da wata magana, "full circle", wai duk abin da ya wuce sai ya zagayo. Ranar sunan jikan Alhaji, maƙwabcinmu a unguwar Sabo, na zaƙulo wandon samartakata mai faɗin ƙafa kamar buhu.

Matata ta ce, "Malam, da wannan za ka fita?"

Na ce, "Yayi ya zagayo, ke ce ba ki da labari."

Na shiga taro ina taku ɗaiɗai, wando na sharar ƙasa. Iya mai sayar da tuwon amala ta leƙo ta ce, "Baba, sannu da shara!" Alhaji ya ɓoye dariyarsa cikin tari.

Har yau in na gifta, samari sai su ce, "Baba, ya zagayo, ko mu ƙara jira?"