Ranar da Kaka Kadi Ta Sheƙe Sunaye

Abdulmumini shi ne sakataren ƙungiyar mata masu sayar da aya a Agiye. Duk lokacin da kaya suka taru, shi ke aika wa 'yan kasuwar Maradi da Yamai saƙon imel. Sai dai manhajar da yake aikin da ita bisa yawan sunaye ake biyan ta, ga shi ta fara cinye ribar mata. Shugabarsu ta ce masa in mako ya zagayo bai rage kuɗin nan ba, za su karɓe kwamfutar su ba wani. Ni da na san shi, na san gara a hana shi tuwo kwana uku da a raba shi da kwamfutar nan. Da hantsi ya shiga gidan kakarsa Kadi, ya tarar da ita a inuwa tana tsintar aya a faifai.

"Lahiya lau, tsohuwa. Ashe har yanzu kina nan kina cinye muna hatsi?"

"Ina nan, Maigida, sai na ga ranar da za ka shigo da cefane. Miji kullum jaka a kahwaɗa kamar mai allurar shanu."

"Cefane na tahe. Na samu wani gwani a intanet, mabiyanshi dubu ɗari uku. Jikka hamsin zan tura mai, shi koya mini yadda ake rage kuɗin saƙo."

"Ka biya kuɗi don a koya maka rage biyan kuɗi? Kai, ragon sunanka ya mutu a banza."

"Mabiya dubu ɗari uku hwa na ce. Ke wa ke bin ki? Kaji biyu da akuya mai tari."

"Su tsaba nike ba su, sun san abin da suke bi. Mahaukaci ma in ya ratsa kasuwa ana bin shi har tasha. Ka taɓa jin an ba shi ajiya?"

"Yo ke mi kika sani ga intanet? Ko salula juye kike riƙe ta."

"A juyen nike jin ƙaryarka sarai. Cikin dubu ɗari ukun, hwaɗa mini mutum guda da ka sani ya saida ko tiya ɗaya ta dalilinshi."

Abdulmumini ya sosa ƙeya. "Yana da mota."

"Da jikka hamsin-hamsin ɗin wawaye irinka ya saye ta. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Buɗe akwatin naka. Mutum nawa kake aika ma wasiƙar?"

"Dubu huɗu da ɗari biyu," ya ce, har da gyara zama.

"Da duk suna saye, da aya ta ƙare a duniya. Ina ka samo su?"

Ya san sarai inda ya samo su. Takardun sa hannu na tarurrukan horo ya kwashe, irin waɗanda ake zagayawa da su kafin a raba kuɗin zama. A wurin nan ba a barin layi fanko. Mai imel ya rubuta nasa, marar shi kuma a ƙirƙira masa, kowa dai ya karɓi rabonsa ya kama hanya. Ya faɗa mata haka a gajarce, yana kallon ƙasa.

"Taron tsintsiya ba shara," in ji Kadi. "Shekara arba'in ni ke rabon goron biki a unguwar ga. Wanda na kai ma goro sau uku bai taka ƙahwa ya zo ba, na huɗu ba shi gani. Akwatin naka ba shi nuna wanda ya karɓi goro?"

"Yana nuna wanda ya buɗe saƙo."

"To sheƙe su. Ƙaiƙayi gehe, tsaba gehe."

"Yanzu tsohuwar da ba ta da haƙori za ta koya mini aikin ofis?"

"Da haƙori ake tunani? Da kura ta zama malama. Danna."

Ya danna yana gunaguni. Da ya ware waɗanda suka buɗe ko da saƙo ɗaya a cikin uku na ƙarshe, sai mutum ɗari uku da goma suka rage. Ya sake dubawa, ya ƙara dubawa. Manhajar ba ta karɓar ko dala a kan abin da bai kai suna ɗari biyar ba, shi kuwa shekara biyu yana biya. Daɗi ya kama shi, kunya ma ta kama shi, ya ce mata daga yau ba a biya. Ya shiga karanta mata sunayen da zai share, tana cewa wannan ya koma Agadas, wannan ko goro bashi yake ci. Can sai ya tsaya.

"Kaka, ga Malam nan."

"Wane Malam?"

"Naki, kakana. Ya je taron irin gero, aka rubuta mai adireshi."

Kadi ta ajiye faifai ta yi dariya har da tari. "Shekara shida yana kabari kana tallata mai aya? Bawan Allah da ranshi ma bai taɓa saye ba, tawa yake ci kyauta."

"Shi ke nan, na sallama," in ji Abdulmumini, shi ma yana dariya. "Gwanin intanet shi ci mabiyanshi. Gobe ƙwaryar goro na nan tahe, hwari tas."

"Da turmin atamfa. Ni ma jikka hamsin ce kuɗin karatuna, rangwame na yi ma don kana mijina."

Ya kai yatsa zai share sunan, sai ta riƙe masa hannu. Dariyar ta tafi, kewar tsohon ta taso mata.

"Ka ce yanzu ba a biya?"

"Ba a biya."

"To bar shi ciki. Shi riƙa jin yadda kasuwa take."