Yadda Ake Gyara Tsohuwar Amfilifayar Suruki

Duk wanda ya bi matakan nan sau da ƙafa, na yi masa alkawari amfilifayarsa, wato na'urar ƙara sauti, za ta yi sauti, surukinsa kuma zai riƙa ambaton sunansa a taro. A kaina aka gwada, a nan garin Bandung, kuma har yau ina da aure.

1. Karɓi aikin kafin a gama magana

Ranar da surukinka, Abah Komar, ya sauko da ita daga saman kwaba, kada ka tsaya tunani. 'Yar ƙarama ce mai jikin katako, ƙarfinta bai wuce cika ɗaki ɗaya ba. Zai shafa ta ya ce, "Da ita nake jin kaset ɗin marigayiya, wanda ta yi waƙa ranar bikinmu. Tun damina ta yi shiru. Ina so in ji muryarta ranar sadakar shekara."

Ka ce, "Abah, ai wannan aikin yamma ɗaya ne."

Matarka Nining za ta kira ka da sunan da mata ke kiran miji a nan, ta ce a hankali, "Akang, kai da ko ƙwan fitila sai ka kira maƙwabci?" Kada ka kula. Ba a san annabi a gidansu ba, balle mai gyara.

2. Buɗe ta

A ciki za ka tarar da tsaka ta bushe a kan wayoyi biyu. Ɗauke ta, hure ƙura, sauya fiyus, kunna. Za ta yi sauti tangaran.

Kashe ta maza. Wannan shi ne wuri mafi haɗari a duk aikin. Idan ka mayar da ita yau, cewa za a yi tsaka ka cire, kuma ba a taɓa girmama mutum don ya cire tsaka ba.

3. Nemi ilimi a kasuwa

Hau babur ka tafi kasuwar Cikapundung, bene na sama, wurin masu tsofaffin kayan sauti. Nemi Mang Tatang, wanda ke zaune tsakanin sifikoki yana cin awara da barkono. Zai tambaye ka me ke damunta.

"Lafiyarta lau, Mang."

"To ai nan matsalar take. Kondensarta, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, sun girme ka. Yau suna aiki, gobe fa?"

Sayi duk abin da ya zuba maka a leda, har da ƙarfen narka dalma. Idan ya ce ka ɗauki hoton cikin kafin ka taɓa komai, yi murmushi. Hoto na masu mantuwa ne.

4. Cire komai a zama ɗaya

Yi aikin a kan teburin cin abinci, don iyali su shaida. Ƙuna a yatsa ado ce. Kowace kondensa tana da ƙafar da ake sa wa dama da ta hagu, amma wannan sai daga baya za ka sani, lokacin da ɗaya ta yi tas, hayaƙi ya tashi, Nining ta fito daga kicin riƙe da ludayi.

"Me ya ƙone?"

"Tsohon sauti ne ke fita."

"Saura mako guda sadakar Ambu," za ta ce, wato mahaifiyarta.

5. Idan Abah ya kira, yi magana da nauyi

Ce masa ana barin dalma ta huta. Zai ce, "Ba na gaggawa, ɗana. Na san tana hannu nagari." Bayan ka ajiye waya za ka ji abinci ya fita ranka. Alamar ƙwarewa ce.

6. Koma wurin Mang Tatang da kai a sunkuye

Zai leƙa ciki, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wa ya yi mata haka? Ka kai shi wurin 'yan sanda."

Ce masa wani abokinka ne.

"Gaishe shi." Sannan zai jawo wata daga ƙarƙashin benci, iri ɗaya sak, mai rai. Kuɗin da zai faɗa ba ka da shi. Amma Mang Tatang mai son tsuntsaye ne, kuma ya ji labarin kurciyarka, wadda kukanta ya ci gasa a unguwa, wadda kake wa wanka da hannunka kowace safiya. Kai masa ita har da kejin. Kada ka waiwaya.

A gida, kwashe kayan cikin sabuwar ka zuba a katakon Abah. Sukurori ne kawai, ko kai za ka iya.

7. Ranar sadaka

Bayan an yi addu'a baƙi sun watse, Abah zai sa kaset. Muryar wata yarinya za ta fito, siririya, tana bin kiɗan tsirkiya. Tsohon zai cire tabarau ya riƙe a hannu har waƙar ta ƙare.

"Maƙwabcina ya ce in sayi wata irinta," zai ce. "Na ce masa ko cikin dubu zan gane tawa. Babu wadda ke fitar da muryar matata Euis haka sai ita. Allah Ya yi maka albarka, ɗana."

Ka ce amin. Nining za ta dube ka ta dubi mahaifinta, sannan ta tashi ta zuba maka shayi da kanta, abin da rabonta da yin sa tun ranar hayaƙi.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da alhakin yatsun da suka ƙone, ko tebur, ko ƙusar da ta rage babu keji a baranda. Haka kuma babu ruwansa idan surukinka ya ba da labarinka a masallaci, liman ya aiko maka da lasifikar kiran salla ranar Alhamis, kai kuwa ba ka da sauran tsuntsu.