Jar Motar Yayansa

"Lafiya lau, in ban da gwiwa. Kai ne dai ban ga alamar lafiya a tare da kai ba, Maigida. Wace ce ta koro ka ƙarƙashin mota da hantsin nan?"

Ƙafafuwansa kawai Kaka take gani. Sauran jikin jikan nata yana ƙarƙashin wata jar mota mai ƙofa biyu, a can ƙuryar filin da ake jibge motocin da suka yi haɗari. Bakanike ne, shekarunsa ashirin da shida. Tun yana goye take kiransa Maigida, shi kuma da ya yi baki ya raɗa mata Tsohon Yayi.

Ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai.

"Takun sandarki na ji na ɓuya. Ki koma gida, Tsohon Yayi, kada mai filin nan ya gan ki ya ɗora a sikeli."

Ta ce ko an ɗora ta, ta fi shi nauyi da daraja, ta ja wata tsohuwar taya ta zauna. Sai da ta huta sannan ta yarda ta dubi motar sosai. Gabanta ya murƙushe ya shige ciki, gilashi babu, ƙofar direba an yanke ta an jingine a gefe. Bayanta kuwa sumul, jan fentin yana ɗaukar ido kamar bai san abin da ya faru ba.

Motar yayansa ce, babban jikanta. Wata huɗu ke nan da ta ƙwace masa a wata kwana, ko asibiti bai kai ba. Kamfanin inshora ya kwashe abin da ya rage ya kawo nan. Da safiyar yau 'yarta, uwar yaran, ta same ta a ɗaki ido jawur, ta ce ƙaramin ya sa injin waldarsa da duk kayan aikinsa a kasuwa, wai zai sayi motar ya gyara. Ta yi magana har ta gaji, ba ya ji. Shi ya sa Kaka ta ɗauki sanda ta fito.

"To, wannan ce kishiyar da za ka yi mini?" ta ce. "Ka rasa wadda za ka kwaso sai marar haƙora."

"Ke nawa ne naki suka rage?"

"Huɗu, kuma duk suna aiki."

Ya ɗan murmusa, ya shiga yi mata bayani kamar mai tallar kaya. Injin bai fashe ba. Giya lafiya take. Ƙashin motar ne ya ɗan karkace, in ya sami wata uku zai ja shi ya miƙe. Irin wannan motar tseren, in ta tashi, kafin Kaka ta gama ɗaura ɗankwali ya kai gari na gaba ya dawo. Ita kuwa ta ce a zamaninta ta tsere wa abin da ya fi wannan gudu da ƙafa, ɗauke da tulu. Ta ce mota ce wannan ko faranti, mutum ya shiga yana rarrafe ya fito da taimakon maƙwabta? Ya ce ai dama ba don masu shekara ɗari biyu aka ƙera ta ba. Ta ce ƙashinta dai shekara tamanin bai karkace ba, kuma babu bakaniken da ya taɓa ja.

Suka yi dariya kaɗan, dariyar da ba ta kai ciki ba. Can nesa wani yana dukan ƙarfe da guduma. Kaka ta lura da yadda wuyan yaron ya zurma cikin rigar aiki, da yadda yake kauce wa kallon ɓangaren direba.

"Zan tambaye ka, ba a matsayin matarka ba," ta ce. "Da wani ne ya jawo maka wannan motar gareji ya tambaye ka ko ya saya, me za ka ce masa?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Zan ce ya bar wa masu narka ƙarfe. Ko an miƙar da ita, ba za ta sake tafiya daidai ba."

Kaka ta gyara zama a kan tayar. Ta san shi, in aka matsa masa rufewa yake yi. Ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar baya, sai maganar ta fito da kanta. Mako guda kafin haɗarin, Yaya ya kawo masa motar ya ce birki yana ɗan ƙara. Aiki ya yi masa yawa ranar, ya ce ya dawo wani makon, har ya tsokane shi cewa mai sabuwar mota ko sauro ne ya yi kuka sai ya zo gareji. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kwana uku ke nan yana zuwa yana leƙa ƙarƙashinta, amma gaban ya cure wuri ɗaya, ba a iya gane abin da ya lalace kafin karon da abin da karon ya lalata. Yana ganin in ta zama tasa, ya warware ta ƙusa-ƙusa, zai sani.

"Za ka sani?"

"A'a," ya ce a hankali. "Ko na shekara a kanta."

Kaka ta soka sandarta cikin ƙasa tana juyawa. Ta gaya masa cewa ranar da abin ya faru, yayan nasa ya biya ta wurinta ya zauna yana zuba surutu, ita ce ta ce ya tashi ya ba ta wuri tana jin barci. Da ta bar shi ya ƙara ko minti goma, wa ya sani. Uwarsu ma tana da nata da take juyawa a zuci. Kowa a gidan ya ɗauki guntunsa ya ɓoye.

"Amma ban ce zan sayar da gadona in sayi wannan ranar in gyara ta ba. Kai ma ba za ka sayar da hannunka ba. Miji marar sana'a kuwa, yau ɗin nan zan kai ƙara a raba mu."

Ya sa bayan hannu ya share ido, baƙin mai ya ƙara yaɗuwa a fuskarsa.

"Wa zai kwashe ki in na sake ki?"

"Layi suke. Mai filin nan ma tun ɗazu yake satar kallona."

Wannan karon dariyar ta kubce masa sosai, har da tari. Ya miƙe ya tafi rumfar mai filin, suka ɗan yi magana, ya dawo da sifana. Ya zagaya ɗaya gefen, ya durƙusa ya kwance kujerar da ke kusa da ta direba. Ita kaɗai ce a gaban motar ba abin da ya taɓa ta, baƙar fata mai jan ɗinki. Ya cicciɓo ta ya dire gaban Kaka, ya karkaɗe ɓaraguzan gilashi.

"Na fasa kishiyar. Ga wannan, a kai miki ɗaki ki daina zama a kan taya."

Ta dafa kafaɗarsa ta sauka cikin kujerar a hankali, ta nutse har gwiwoyinta suka kusa taɓa haɓarta. Sau uku marigayin yana roƙonta ta shiga ya zaga da ita gari, tana cewa sai wani jiƙon. Ta shafa fatar da tafin hannu, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ashe da laushi," ta ce. "To, Maigida, tunda ka zaunar da ni, sai ka san yadda za ka tashe ni."